Ɓargon Baffa da Jar Saniya

Mahaifina ba ya faɗin ciwo. Ni ban gado shi a nan ba, don in ƙaya ta soke ni sai unguwa ta ji. Shi kuwa Bafulatani ne na asali, wanda yake ganin cewa "wash" abin kunya ne, balle a gaban 'yarsa ta fari, wadda ko sunanta bai taɓa kira ba. "Ke" yake ce mini tun ina rarrafe, ni kuma ina ce masa Baffa. Saboda haka ba daga bakinsa na ji ciwon bayansa ba, a sallah na gane. Wata rana da la'asar na leƙa ɗakinsa, na tarar ya yi ruku'u ya kasa ɗagowa. Ya dafe gwiwoyi yana ta tasbihi, wai don in ɗauka tsawaitawa yake yi. Na tsaya a bakin ƙofa har ya lallaɓa ya zauna, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Lokacin yana zaune a gidana, cikin garin Birnin Gwari, a ɗakin da ke kusa da zaure. Ba don yana so ba. Rugarmu tana can wajen Kakangi, a bakin daji, kuma a nan ya yi rayuwarsa duka. Wata rana da hantsi 'yan bindiga suka zo a kan babura suka kora garken gaba ɗaya, har da maruƙan da ke ɗaure a dangwali. Innata ta riga ta rasu kafin nan, ƙannena maza kuma kowa ya kama gabansa neman abin yi. Mijina ne ya je ya taho da shi, da buzunsa da sandarsa da butar alwala. An ce mini bai yi kuka ba. Bai kuma zagi kowa ba. Abin da ya yi shi ne ya rufe bakinsa a kan maganar shanu ruf. In motar shanu ta wuce ta titi sai ya juya fuska yana kallon bango. In baƙo ya tambaye shi sana'arsa sai ya ce, "Zaune nake."

Ni kuwa abin yana cina, don ina kewar wurin nan ƙwarai. Tun ina ƙarama aka kawo ni gari wajen goggona na yi makaranta, har na zama malama, amma kafin in yi aure duk hutu can nake komawa. Ina tuna hayaƙin da ake turara wa shanu da safe saboda ƙuda, da raɓar da ke jiƙa mini zane har gwiwa, da ƙarar madara in ta fara zuba a cikin ƙwarya. Baffa yakan miƙo mini ƙwaryar tana da ɗumi, kumfa a sama, in sha har ya maƙale mini a leɓe, shi kuma ya kau da kai kamar ba shi ya ba ni ba. Muna shiga dajin da ke miƙewa har Kamuku mu tsinci ɗinya da kaɗanya, ba abin da muke tsoro sai gwaggon biri. Ina so in zauna da shi mu yi ta hirar waɗannan abubuwa, ko zuciya ta yi sanyi. Amma da na kawo zancen sai ya jawo carbi, ni kuma in tashi ina ƙunƙuni.

Da na matsa masa, sai na gano ba bayan kaɗai ba ne. Zazzaɓi yana zuwa ya tafi, ya sake dawowa. Da safe in na ɗaga tabarmarsa sai in same ta sharkaf da gumi. Mai kemis ya ce maleriya ce, aka sha magani. Ya ce taifot ne, aka sha magani. Baffa sai ramewa yake yi, rigarsa tana rataye a kafaɗunsa. A asibitin garinmu aka ɗauki hoton ƙashi, likitan ya jujjuya shi, ya ce wannan bai nuna masa komai sosai ba, sai mu je Kaduna a yi masa wani hoton da ake kira MRI, wanda yake gani har cikin ɓargo.

Duk ɗan Birnin Gwari ya san abin da ake nufi da hanyar Kaduna. Muka jira ranar da motoci za su tashi a ayari, kowa bakinsa ɗauke da addu'a. Na sa masa filo a baya. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ga jijiyar wuyansa ta miƙe, amma ko tari bai yi ba. Idonsa yana kan taga, yana kallon ciyawar da ta yi tsawo a bakin hanya ba mai ci.

A asibitin wata ma'aikaciya ta sa shi ya cire zobensa na azurfa da layun da ke ɗamararsa. Sai ta tambaya, "Baba, akwai harsashi ko wani ƙarfe a jikinka?"

Nan take raina ya ɓaci. Na ce, "Don kin ga daga Birnin Gwari muke, kuma kin ga dogon hanci, shi ne za ki tambaye shi harsashi?"

Ta dube ni ba ko gezau, ta ce, "Hajiya, ko gwamna ne ya zo sai na tambaye shi. Na'urar nan maganaɗisu ce gaba ɗayanta, ko allura ce a jikin mutum sai ta ja ta."

Na haɗiye sauran maganata. Baffa ya harare ni, ya ce da ita, "Babu, 'yata. Ki yi haƙuri da ita, haka take."

Aka kwantar da shi a wani siririn gado, aka toshe masa kunne, aka zura shi cikin ramin na'urar. An ce kada ya motsa, kuma in dai rashin motsi ne an zo gidansa. Ni ce a waje na kasa zama. Da ya fito na tambaye shi yadda ya ji, ya ce kamar an tara matan ruga suna daka a kan kansa, kuma ba wadda ta iya riƙe taɓarya.

Likitar da ta duba hoton mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da gaggawar magana. Ta manna hotunan a jikin fitila, ƙasusuwan bayan Baffa suka fito a jere. Ta nuna guda biyu a ƙasa, wajen ƙugu. A hoto ɗaya sun yi duhu alhali 'yan'uwansu suna da haske, a ɗayan hoton kuma su ne suka yi fari fat.

Ta ce, "Ɓargon da ke cikin waɗannan biyun ya canza. Na'urar tana nuna mana ya canza, amma ba ta faɗin abin da ya canza shi."

Na ce, "To me ke canza shi, likita?"

Ta ce abubuwa da yawa. Wani lokaci tsufa ne kawai, ƙashi ya gogi ƙashi. Wani lokaci tsohuwar faɗuwa ce ko tsagewa. Mai ƙarancin jini na dogon lokaci, ko mai sikila, ko wanda ya daɗe yana zuƙar taba, duk ɓargonsu yakan fito daban. Sai ta ce amma da zazzaɓin nan da ramar nan, abu biyu ta fi tunani. Ko tarin fuka ne ya sauka a ƙashin baya, ko kuwa sankara ce ta taso daga wani wuri a jiki ta zo ta zauna a nan.

Kalmar nan ta sankara ita kaɗai na ji. Ta ci gaba da tambayarsa, yana amsawa kansa a ƙasa saboda kunya. Ba ya shan taba. Bai taɓa faɗowa daga ko'ina ba. Ba ya tari.

"Baba, mece ce sana'arka?"

"Zaune nake."

Ta rubuta, ta tura mu gwaje-gwaje. Muka sauka a gidan wata ƙawata muna jiran sakamako. Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Ina kallonsa yana alwala, ina cewa a raina ashe shi ma tafiya zai yi, ya tafi da rugar gaba ɗaya a cikinsa ba tare da ya bar mini ko kalma ba. Tsoro ya sa na ƙara zafi. Na yi faɗa da mai adaidaita, na yi faɗa da mai shayi, har ƙawata ta ce in ban kiyaye ba ni za a zura a na'urar.

Da muka koma, likitar ta ce gwajin tarin fuka bai nuna komai ba, na sankara ma bai fito da wani abu ƙarara ba. Abin da ya rage shi ne a sa doguwar allura a ɗebo ɗan ɓargon a duba. Ta ga bai gane ba, sai ta jawo kujera kusa da shi ta fara yi masa bayani a hankali. Ta ce ɓargo iri biyu ne. Na yaro ja ne, don shi ke yin jini. In mutum ya manyanta sai yawancinsa ya koma kitse, shi ya sa yake haske a hoton.

Baffa ya gyaɗa kai, ya ce, "Haka yake. Na maraƙi ja ne. Na tsohon sa kuwa kitse ne zalla."

Na juyo na dube shi. Tun ranar da ya shigo gidana ban ji kalmar maraƙi a bakinsa ba. Shi ma ya ji abin da ya suɓuce masa, ya kama gyaran hula.

Likitar ta ajiye bironta. Ta ce, "Baba, kiwo ka yi?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Da."

"Madara fa, ɗanya kake sha ko sai an dafa?"

Ya ɗan murmusa, irin na wanda aka yi wa tambayar yara. "Wa zai dafa madara a gindin saniya?"

"Akwai shanun da suka yi ɓari kafin ka rabu da su? Ko waɗanda gwiwarsu ta kumbura?"

Ya ɗago kai, karon farko ya dubi fuskarta. Ya ce, "Bakkale."

Ta ce ita ma sunan da ta ji makiyaya suna kiran cutar da shi ke nan. Ta tambaye shi ko ya taɓa abin ɓarin da hannunsa. Ya ce ai dole, in ɗan ya mutu a ciki ko mabiyiya ta ƙi fita, hannu ake sawa har kafaɗa a jawo, in ba haka ba uwar ma ta tafi. Ta ce cutar nan ta shanu tana shiga mutum ta madarar da ba a dafa ba da kuma ta wannan aikin, ta yi ta yawo a jini da zazzaɓi mai zuwa yana komawa, wani lokaci ta samu ƙashin baya ta yi gida. A hoto kuma tana kama da tarin fuka, tana kama da sankara. Aka fasa doguwar allura, aka ɗebi jini. Da sakamakon ya fito, ita ce.

Wallahi saura kaɗan in rangaɗa guɗa a ofishin mutane. Likitar ma fuskarta ta saki. Ta ce ana warkewa, sai dai magani ne na watanni, da allurai a farko, kuma ba a tsallake rana. Ta ce kada mu tsorata in fitsari ya yi ja, aikin ɗaya daga cikin ƙwayoyin ne. Ta kuma ja mini kunne cewa in aka yi wasa ciwon zai iya danne jijiya, ƙafafu su mutu.

Baffa bai yi murna ba. Yana ta kallon ƙasusuwan nan biyu a jikin fitila. Ya ce, "Likita, wato daga jikinsu ya shigo nawa?"

Ta ce, "Daga jikinsu, Baba."

"In na sha maganin, zai fita duka?"

"Duka, in Allah ya yarda."

Ya ce, "To." Ni kuma farin ciki ya rufe mini ido, ban saurari yadda ya faɗi wannan "to" ɗin ba.

Da muka dawo gida aka fara wasan ɓuya. Mai allura ya zo, Baffa ya ce yau jikinsa ba daɗi, sai gobe. Na kawo ƙwayoyi, ya ce in ajiye zai sha in ya idar da lazimi. Da na zo shara na ɗaga buzu, sai ga su a jere a ƙasa, ko ɗaya bai sha ba. A ranar kuma na ga yana jan ƙafar hagu, takalmin ya fita daga ƙafarsa bai ma sani ba.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na tsaya a kansa da ƙwayoyin a tafin hannu, na ce, "Baffa, mun bi hanyar da mutane ke bi ba su dawo ba, mun samo magani, shi ne za ka shimfiɗa buzu a kansa? So kake ka zama gurgu? So kake ni, 'yarka ta fari, in riƙa ɗaga ka ina kai ka bayan gida? Ina fulakon naka zai shiga ranar?"

Na san inda na soka. Ya runtse ido. Sannan ya yi magana a hankali, ba ya kallona.

"Ke, ko igiya ba su bar mini ba. Ko ƙaho ɗaya. Na zauna a ɗakin nan har na fara tambayar kaina ko na taɓa mallakar saniya, ko mafarki na yi. Sai ga shi matar nan ta nuna mini a fitila. Suna nan." Ya kai hannu ya dafa ƙugunsa. "In ciwon ya motsa da asuba, nakan san da gaske an yi su. Yanzu kuma ki ce in sha abin da zai kore su."

Duk faɗan da na tanada ya watse. Na zauna a ƙasa, abin da ban saba yi kusa da shi ba. Hawaye suka zo mini, amma fushin bai gama sauka ba, don haka da shi na yi maganar.

Na ce, "Wato ƙwayar cuta ka ba ajiya, ni kuma ina zaune? Ita ce ta sha madararsu ko ni? Tun da ka zo nake roƙonka ka ce mini wani abu a kansu, ka ƙi. Ka ba ni su, Baffa. Ni ba na cin ƙashi."

Na ajiye ƙwayoyin a kan buzu, na fita, na je na huce a kan tukwanen da ba su yi mini komai ba.

Washegari da na kai masa kunu, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. Na zuba masa ƙwayoyin, ya haɗiye. Na juya zan fita sai ya ce, "Akwai wata baƙa mai farin goshi. Ba ta yarda kowa ya tatse ta sai innarki." Na dawo na zauna a bakin ƙofa.

Haka muka yi watannin nan. Ba kullum yake magana ba, wata rana ya sha ya juya mini baya. Amma yawancin safiya sai ya fito da guda. Bijimin da ke jan gaba, wanda ya san mashaya ko da an rufe masa ido. Gurguwar da kura ta taɓa kamawa ta kuɓuta. Wata mai kwaɗayi da ta sa aka kai shi gaban mai gari sau da yawa saboda dawar wani Bagwari abokinsa, har suka gaji da shari'a suka koma raba goro. Yana faɗin kowace da uwarta da uwar uwarta, ni kuwa ina maimaitawa, in na yi kuskure ya ce karatun bokon ma bai yi mini rana ba. Zazzaɓin ya ɗauke. Tabarma ta daina jiƙewa. Wata rana na leƙa na ga ya yi ruku'u ya ɗago tsaf, na koma ɗaki na yi kukana.

Amma akwai wadda bai ambata ba, kuma ina lura. Ya faɗi baƙaƙe da farare, bai taɓa faɗin wadda ya sa wa hannu ba. Ranar da na juye kwalbar ƙwayoyin na ga na ƙarshe ne suka faɗo, na ce masa, "Baffa, yau za a gama." Ya karɓa ya riƙe a hannu bai sha ba.

Ya ce, "Ranar sunanki na ba ki karsana. Kin sani?"

Na ce na sha ji a bakin Inna, amma na ɗauka karsanar ta daɗe da mutuwa.

"Ta mutu. Amma ta bar 'ya, 'yar ta bar 'ya. Ban taɓa sayar da ko ɗaya daga jininta ba. Ta ƙarshen ja ce, ƙahonta na dama ya ɗan karye a tsini. Ita ce ta yi ɓarin. Ɗan ya mutu a ciki, kowa ya ce in yanka ta kafin ta zama mushe. Na ce wannan ba tawa ba ce balle in yanka." Ya dubi ƙwayoyin da ke hannunsa. "Na sa hannu na fitar. Ta tashi. Har ta yi ƙiba, ina cewa in kin zo hutu zan nuna miki. Sai suka zo."

Ya watsa ƙwayoyin a baki, ya kora da ruwa, ya goge gemunsa da bayan hannu. Sannan ya kira sunana. Sau ɗaya, a hankali, kamar mai gwada ko zai iya. Ya ce, "Taki ce. Riƙe da kyau."

Mun koma Kaduna daga baya, likitar ta ce ƙasusuwan sun lafa. Yanzu Baffa yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana shan dafaffiyar madara yana cewa ruwan wanke ƙwarya ne. In motar shanu ta wuce ba ya juya fuska kuma, yakan bi ta da ido ya ce waccan ba ta samu gishiri ba. Ni ce abin ya koma kaina. Ko ina sauri zan tafi makaranta, da na ji ƙarar motar sai ƙafata ta tsaya a bakin titi, ina leƙen tsakanin katakai ina neman ja mai karyayyen ƙaho, saniyar da ban taɓa gani ba.